Ƙuri'ar ɗan majalisar jiha ba gyara ba ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni tsohon malamin firamare ne, na yi shekara 35 riƙe da alli kafin in ajiye aiki, yanzu ina zaune a ƙauyenmu da ke kudancin Jihar Kano. A watan Yunin 2025 majalisar dokokin jiharmu ta cika shekara biyu da rantsarwa, rabin wa'adinta ke nan. Har an fara kaɗa gangar 2027, amma duk inda ka zauna maganar gwamna da shugaban ƙasa ake yi, babu mai tuna mutum 40 ɗin da ke rubuta dokokin da ake mulkarmu da su.

Ranar Asabar 18 ga Maris 2023, saura kwanaki kaɗan a ɗauki azumi, na yi sammako zuwa rumfar zaɓenmu, wadda ke harabar makarantar da na taɓa shugabanta. Ana ba mutum takarda biyu, ɗaya ta gwamna, ɗaya ta ɗan majalisar jiha. Takardar ƙuri'armu kuwa ba ta ɗauke da suna ko hoton kowa, alamun jam'iyyu ne a jere, ga tsintsiya, ga kwandon kayan marmari, ga lema. Kafin layi ya zo kaina na tambayi na kusa da ni, yawancinsu ɗalibaina ne na da, yanzu duk magidanta. Na ce, "Wa za ku zaɓa a majalisar jiha?" Suka ce, "Malam, ai sak za mu yi." Mutum biyu ne kaɗai suka iya kawo mini sunan wanda za su dangwala wa. Ni na san sunan nawa, na san mahaifinsa, amma ban taɓa jin bakinsa a kan ilimi ko taki ko asibiti ba, kuma ban nema ba. Inda na sa yatsa a takarda ta farko, nan na sa a ta biyu. Wannan abu yana damuna har yau.

Idan mutum ya sayi tumatur a kasuwa, mai kaya yakan ɗora masa biyu ko uku a kai, ya ce ga gyara. Ba a tayawa, ba a duba ko ya ruɓe, tunda ba shi aka zo saye ba. Haka muka mayar da ƙuri'ar ɗan majalisar jiha. Gwamna muka je zaɓe, aka ɗora mana ɗan majalisa a kai.

Sakamakon gwamna kowa ya haddace shi: Abba Kabir Yusuf na NNPP ƙuri'a 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC 890,705. Masu murna suka yi murna, masu kuka suka yi kuka. Ɗaya sakamakon kuwa, wanda bai kammala fitowa ba sai bayan zaɓen cike gurbi na watan Afrilu, ban ji wanda ya yi guɗa ko jaje a kansa ba: NNPP kujera 26, APC kujera 14. Da wannan rinjaye aka zaɓi Jibrin Isma'il Falgore mai wakiltar Rogo shugaban majalisa. Babu mace ko ɗaya a cikin 40 ɗin, alhali a rumfarmu layin mata ya fi na maza tsawo.

Ka yi mini haƙuri in yi ɗan lissafi, sana'ata ce. Tsarin mulki ya ce majalisar jiha kada ta gaza kujera 24, kada ta wuce 40. Shi ya sa Kano mai ƙananan hukumomi 44 ba ta da ɗan majalisa ɗaya ga kowace ƙaramar hukuma, sai da aka haɗa wasu biyu-biyu, kamar Kura da Garun Malam, ko Rimin Gado da Tofa. Ko da ƙidayar 2006 aka yi aiki, wadda ta ba Kano mutum sama da miliyan 9, kowane ɗan majalisa na ɗauke da amanar mutum sama da 230,000. Kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisa, wato mutum 14, sun isa a buɗe zama, kuma rinjayen waɗanda suka halarta ya isa a zartar da doka. Manyan al'amura kuwa, irin su tsige gwamna ko mataimakinsa, ko cire shugaban majalisa, ko tabbatar da dokar da gwamna ya ƙi sa wa hannu, suna buƙatar kashi biyu bisa uku. A majalisa mai kujera 40, mutum 27 ke nan idan kowa ya hallara. Ka ga jam'iyyar da ta ci 26 kujera ɗaya tak ta rage mata. Ma'ana, akwai mazaɓa ɗaya a wani lungu na jihar nan wadda ƙuri'un mutanenta suka yanke yawan ƙarfin da jam'iyya mai mulki za ta shiga majalisa da shi, kuma mai yiwuwa ne su kansu mutanen ba su sani ba.

Sau ɗaya na ga mutanen garinmu sun damu da wannan lissafi. Ranar 20 ga Satumba 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke nasarar gwamna, kotun ɗaukaka ƙara ta bi sahunta a watan Nuwamba, sai ranar 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kujerarsa. A waɗannan watanni kusan huɗu, duk yammaci a gindin darbejiyar ƙofar gidana ƙidaya ake yi da yatsu. Idan Gawuna ya hau, yaya zai yi da majalisar da abokan hamayyarsa ke da 26? Za su tantance masa kwamishinoni? Za su amince da kasafin kuɗinsa? Nawa ne za su sauya sheƙa? Mutanen da ba su san sunan wakilinsu ba a watan Maris sai ga shi suna jero sunayen 'yan majalisar wasu garuruwa. Da hukunci ya fito, aka naɗe tabarmar zancen, aka koma inda aka fito.

Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne batun masarautu. Ba zan ce ga sarkin da nake so ba, dukkansu iyayen ƙasa ne, kuma maganar tana gaban alƙalai. Yadda majalisa ta yi aikinta nake magana a kai.

A watan Mayun 2019, majalisar da ke dab da kammala wa'adinta, ƙarƙashin Kabiru Alhassan Rurum, ta karɓi takardar neman ƙirƙiro sababbin masarautu ranar Litinin. Kafin rana ta faɗi ranar Laraba 8 ga wata, an zartar da doka, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu, Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye sun samu sarakunan yanka. A watan Nuwamba babbar kotun jiha ta rushe dokar, ta ce ba a bi ƙa'idar gabatar da ƙudiri ba. Na yi zaton wannan zai sa a tsaya a numfasa. Ina! Ranar 5 ga Disamba sabuwar majalisa, wadda APC ke da rinjaye a cikinta, ta sake zartar da ita, aka sake sa hannu. Ranar 9 ga Maris 2020, ranar da aka sauke Sarki Muhammadu Sanusi II, har kokawar sandar majalisa aka yi a zauren, daga baya aka dakatar da 'yan majalisa biyar.

Sai rinjaye ya koma ɗaya ɓangaren. Ranar 23 ga Mayu 2024 majalisar da muka zaɓa a 2023 ta soke dokar 2019, Gwamna Abba ya sa hannu a ranar, masarautu biyar suka koma ɗaya. Washegari aka miƙa wa Sarki Sanusi takardar komawa gadon sarauta, kwana ɗaya bayan nan Sarki Aminu Ado Bayero, wanda ya gaje shi a 2020, ya dawo gari ya sauka a gidan sarki na Nassarawa. Wata biyu bai cika ba majalisar ta sake yin wata dokar, ta maido da Rano da Gaya da Ƙaraye a matsayin masarautu masu daraja ta biyu, ba a sa Bichi ba.

Ƙaramar hukumarmu tana cikin waɗanda aka kai ƙasar Rano a 2019, aka dawo da su Kano a 2024. Dagacinmu dattijo ne, abokin karatun allona. Cikin shekara biyar sau biyu ana sauya masa inda hakiminsa zai kai gaisuwa, kuma duka biyun a rediyo ya ji, kamar yadda na ji. A garinmu akwai masu son Rano, suna cewa kusa ce, kuma an ga sababbin tituna da gine-gine a hedikwatocin masarautun. Akwai masu cewa raba Kano raba tarihin da ya haura shekara dubu ne. Kowane ɓangare yana da hujjar da ta cancanci a saurara. To, wa ya saurara? Ban ga ranar da aka tara mu a ɗakin taro na ƙaramar hukuma aka ce ga ƙudiri, me kuka gani ba. Ban ji wakilinmu na wancan lokaci ko na yanzu ya zo ya tambaye mu kafin ya ɗaga hannu ba, bai kuma dawo ya gaya mana dalilin ɗaga shi ba. Jam'iyyu biyu ne, ba sa ga maciji, amma a nan aikinsu iri ɗaya ne: abin da gidan gwamnati ke so, majalisa ta gama shi kafin la'asar. Dokar da aka yi a kwana uku da ƙarfin rinjaye, ranar da rinjaye ya juya a yini ɗaya za a warware ta, mu kuwa da ke ƙasa mu ne ake ja gaba a ja baya.

Na san abin da za a ce mini, domin ƙanena ya riga ya faɗa mini. Ya ce, "Yaya, so kake a yi wake da shinkafa, a ba gwamna majalisar da za ta ɗaure masa hannu?" Ba zan raina wannan magana ba, don na ga irinta da idona. Ina kwalejin horon malamai lokacin da Alhaji Balarabe Musa na PRP ke mulkin tsohuwar Jihar Kaduna da majalisar da NPN ta mamaye. Sau da dama yana aika sunayen kwamishinoni suna watsi da su, har ya yi kusan shekara biyu ba shi da majalisar zartarwa, daga ƙarshe suka tsige shi a watan Yunin 1981. Muna kewaye da rediyo ɗaya a ɗakin kwana muka ji labarin, wasu har hawaye. Ba na yi wa Kano fatan haka.

Amma a duba da kyau, ciwon Kaduna na 1981 da namu na yau tushensu ɗaya. Can ɗan majalisa ya ƙi komai saboda jam'iyya ta ce ya ƙi, nan ya karɓi komai saboda jam'iyya ta ce ya karɓa. A duka biyun ba mazaɓarsa yake kallo ba. Kuma me zai sa ya kalle ta? Ya san ba don shi aka zaɓe shi ba. Jagora ne ya ba shi takara, farin jinin ɗan takarar gwamna ne ya ɗauko shi ya dire a zauren majalisa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da ya san akwai mutum dubu biyar a mazaɓarsa da za su iya zaɓar gwamnan jam'iyyarsa su kuma ƙi shi, da ya koyi tambayarmu kafin ya ɗaga hannu. Ba cewa nake a zaɓi ɗan adawa don a ƙuntata wa gwamna ba. Ko ɗan jam'iyyar gwamna ne, a zaɓe shi da sunansa, ya san bashinmu ne a wuyansa.

Bari in ba ka misali daga makarantarmu. Daminar bara iska ta yaye rufin azuzuwa biyu. Yara suka koma gindin bishiya, ranar da hadari ya haɗo kuwa sai a tashe su. Mu uku daga kwamitin iyayen yara muka shiga mota zuwa birni da takarda a hannu, muna roƙon wakilinmu ya gabatar da maganar a zauren majalisa, ya kuma bi sawu a sa gyaran a kasafin kuɗi. Muka yini a ƙofar gidansa. Da yamma wani yaronsa ya fito ya karɓi takardar, ya ce mai girma yana gaishe mu, ya miƙo mana kuɗin mota a ambulan. Abokan tafiyata suka yi godiya, a hanya har suna cewa mutumin kirki ne, bai bar mu mun dawo hannu rabbana ba. Ni kuwa raina ya ɓaci har na kasa cin abinci a daren. Wakilci muka je nema aka sallame mu da sadaka. Rufin nan sai da muka yi karo-karo bayan an girbe masara muka rufe aji ɗaya, ɗayan yana nan a buɗe.

Duk da haka ba zan ɗora masa laifin shi kaɗai ba. Na zauna a ƙofar gidan nan yini guda, na ga abin da ke kawo mutane: wannan matarsa ta haihu babu ragon suna, wannan takardar magani, wannan kuɗin jarrabawar ɗansa. Buƙatu ne na gaskiya, talauci ne ya koro su, ba na zargin kowa. Sai dai mun koya wa 'yan majalisa cewa da wannan za a auna su. Wanda ya raba babura da kekunan ɗinki shi ne gwarzo, ko da bai taɓa buɗe baki a zaure ba. Wanda ya kwana yana karanta kasafin kuɗi layi-layi, idan hannunsa bai sake ba, sai a ce ba ya motsi.

Alhali aikin da tsarin mulki ya ba su ya fi rabon babur nesa ba kusa ba. Gwamna ba shi da ikon taɓa asusun jiha sai da amincewarsu. Su ke tantance kwamishinoni. Gabansu babban mai binciken kuɗi na jiha ke kai rahotonsa, kuma suna da ikon kiran kowane jami'i ya zo ya yi bayanin inda kuɗi suka shiga. Su ke amincewa da mutanen da gwamna ya naɗa a hukumar zaɓe ta jiha, hukumar da a 2018 da 2021 ta ce APC ta lashe ƙananan hukumomi 44 duka, a watan Oktoban 2024 kuma ta ce NNPP ta lashe 44 duka. Ko tsarin mulkin ƙasa ba ya gyaruwa sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun yarda, kuma a hannunsu ne ƙudirin 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya sha maƙalewa, har sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ni da na yi shekara 35 albashina na fitowa daga kason ƙaramar hukuma, na san abin da asusun haɗin gwiwar jiha da ƙananan hukumomi yake nufi ga alli da benci da rufin aji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Gaskiya ɗaya ce, majalisar nan ta yi abin yabo. Dokar gwajin lafiya kafin aure da aka sa wa hannu a watan Mayun 2024 ta shiga har ƙauyenmu, limaminmu ba ya ɗaura aure sai ya ga takardar asibiti. Ni da na rasa ɗalibai saboda ciwon sikila, na san darajar wannan doka. Ita ce ma ta ƙara nuna mini cewa abin da mutum 40 suka rubuta a birni yana iya isowa har zauren gidana. Wurin da ke da irin wannan ƙarfi bai kamata a cika shi da ƙuri'ar gyara ba.

Roƙona gare ka, Edita, da sauran 'yan jarida, ku taimaka mana da abin da ba za mu iya samu daga ƙauye ba. Ku ware shafi ko sau ɗaya a wata, ku jera mazaɓu 40 ɗin nan da sunan mai wakiltar kowace da jam'iyyar da aka zaɓe shi a cikinta da wadda yake ciki yanzu. Ku gaya mana zama nawa ya halarta, ƙudiri nawa ya kawo, wane kwamiti yake ciki. Idan an kawo babbar doka, ku matsa a ƙirga ƙuri'a da suna, domin idan aka ce masu goyon baya su ce e, murya ta haɗu, kowa yana iya dawowa gida ya ce ba da shi aka yi ba. Gidajen rediyonmu kuma, da ke ba sojojin baka awa guda kowane dare suna zagin juna, su ba 'yan takarar majalisar jiha ko rabin awa su zauna gaba da gaba, mutanen mazaɓa su bugo waya su yi musu tambaya.

Mu ma a nan mun fara abin da za mu iya. Kwamitin iyayen yara ya sayi littafi mai bango mai kauri, ni ke riƙe da shi. Mun rubuta ranar da iska ta yaye rufi, ranar da muka kai takarda, da abin da aka ba mu. Mun yi shawara da limami da dagaci cewa duk mai neman kujerar majalisar jiha da ya shigo garin nan neman ƙuri'a, ko daga wace jam'iyya yake, za mu shimfiɗa masa tabarma a cikin ajin nan marar rufi, mu karanta masa abin da ke littafin, mu rubuta amsarsa a gabansa, ya sa hannu.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya zaunar da jiharmu lafiya, amin.

Naka,
Tsohon shugaban makarantar firamare,
daga kudancin Jihar Kano.